Yadda wani shagon kwamfuta a Gusau ya kulle mini kwamfuta daga ɗan gida

Kwamfutar da wannan bayani ya shafa ta tafi-da-gidanka ce, amma ta fi shekara huɗu ba ta bar teburin falon gidana da ke Tudun Wada a Gusau ba, kuma duk wanda ya shigo gidan ya san inda take. A cikinta nake ajiye hotunan takardun filaye da gonakin da mahaifinmu ya bari, da lissafin kuɗin adashen abokan aikinmu wanda ni ne ma'ajinsa, da kwafin takardun NIN na uwargida da na yara, da lambobin BVN ɗinmu waɗanda na rubuta wuri ɗaya saboda gudun mantuwa. Kalmar sirrin da ke tsare da wannan duka ita ce sunan babbar ɗiyata haɗe da shekarar da aka haife ta.

Ɗan yayata ya zo zama wurinmu don karatu, muka ba shi ɗakin zaure, kuma ban taɓa hana shi amfani da kwamfutar ba idan yana da aikin makaranta. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne wata magana da na ji a wurin wani suna, inda wani ɗan'uwa ya ambaci ainihin kuɗin da aka taya ɗaya daga cikin filayen gado, alhali kuwa babu inda adadin yake a rubuce sai a cikin kwamfutata. Da na dawo gida na duba jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, sai na tarar da sunayen waɗansu da na yi watanni ban taɓa ba. Bayan kwana biyu kuma na ga wata na'urar da ban sani ba a cikin jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗina, wato wani yana karanta saƙonnina daga wani wuri. Wayar a falo nake barinta tana caji idan zan tafi masallaci. Ban kama kowa da hannu ba, amma mutum nawa ne ke da falon da wayar da kwamfutar a lokaci guda? Na kuma yarda cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin ni na bar komai a buɗe.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen shagon, a cikin wani jerin shaguna kusa da Tsohuwar Kasuwa. Ba zan ambaci sunan shagon ba, saboda ina da ƙorafi a kansa kamar yadda nake da yabo, kuma ba na son ƙorafin ya zama sanadin rage wa matashi abinci. Shago ne ƙarami mai teburi biyu, da mai shi wanda kowa ke kira injiniya, da yaron shago ɗaya mai koyon aiki.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyin da ya yi kafin ya taɓa kwamfutar. Bai tambaye ni ko ta kamu da cutar kwamfuta ba, kamar yadda yawancinsu ke yi don su sayar wa mutum manhaja. Ya tambayi ko wanda nake zargi yana kwana a gidan, ko yana iya zama shi kaɗai da kwamfutar na tsawon awa ɗaya, da kuma ko ya san sunayen yarana da ranakun haihuwarsu. Da na amsa masa duka da e, sai ya ce to matsalata ta bambanta da ta wanda ɓarayin intanet ke bi, domin ɓarawon nesa sai ya yi ta lalube a cikin duhu, shi kuwa na gida yana da lokaci, yana da na'urar a hannunsa, kuma ya riga ya san amsoshin tambayoyin da ake tsare asusu da su. Ya kawo misalin tambayar nan da ake yi ta sunan mahaifiya, na yi dariya ba don daɗi ba, domin mahaifiyata ita ce kakar yaron.

Daga nan ya nuna mini abin da har yau ban manta ba. Ya ce kada in gaya masa kalmar sirrin. Ya zaro wani filashi daga aljihun rigarsa ya soka a gefen kwamfutar, ya kunna ta yana danna wani maɓalli, sai ta tashi da wani tsari na daban wanda ke cikin filashin, ba Windows ɗina ba. Kafin yaron shago ya dawo da ruwan da aka aike shi saye, ga jakar takarduna a buɗe a kan allo, har da hoton takardar gonarmu da sa hannun mahaifina a ƙasanta. Ya juyo da allon wajena ya ce, “Alhaji, kalmar sirrin da kake shiga da ita labule ce, ba ƙofa ba ce. Tana hana mai kunya leƙawa, amma ba ta hana wanda ya yi niyya.” Ya ƙara da cewa ko babu filashin ma, wanda ya kwance faifan ajiyar kwamfutar ya haɗa shi da wata zai karanta komai. Wannan nuni na 'yan mintuna shi kaɗai ya cancanci kuɗin da na biya, domin da canza kalmar sirri kawai na yi niyyar yi in koma gida da kwanciyar hankalin da ba shi da tushe.

Aikin ya fara da kwafe takarduna zuwa wani faifai na waje da na zo da shi. Bayan haka ya ba ni shawarar a goge kwamfutar gaba ɗaya a sake ɗora mata tsari, maimakon a tsaya neman ko an dasa mata manhajar leƙen asiri mai naɗe abin da mutum ke bugawa. Hujjarsa ita ce ba zai iya rantsuwa cewa ya gano duk abin da aka ɓoye ba, amma zai iya rantsuwa cewa faifan da aka goge babu komai a cikinsa. Ya kuma tunatar da ni cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka tunda kwamfutar tana da guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, wanda Windows 11 ke buƙata, gara a wuce zuwa sabon. Na amince, kuma ban yi nadama ba, duk da cewa na ɗauki kusan mako guda kafin idona ya saba da inda aka mayar da abubuwa.

Zuciyar aikin ita ce kulle faifan da BitLocker. Yadda ya bayyana mini, wannan tsari yana dagula duk abin da ke kan faifan ya mayar da shi tarkacen da ba ya karantuwa, sai an zo da mabuɗin da ya dace, kuma mabuɗin yana ajiye a cikin guntun tsaron kwamfutar. Da ya gama, ya sake soka filashin nan nasa a gabana, wannan karon bai ga komai ba sai faifai a kulle. Ya yi gaskiya wajen faɗa mini iyakar abin. Na farko, cikakken BitLocker yana zuwa ne da Windows nau'in Pro da waɗanda suka fi shi, nau'in Home kuwa yana da wani taƙaitaccen kulle wanda ba kowace kwamfuta ke iya ɗauka ba, don haka ya kamata mutum ya san nau'in da ke kan tasa kafin ya biya kuɗin wannan aiki. Na biyu, idan an kunna kwamfutar yadda aka saba, faifan yana buɗe kansa ya kai mutum wurin shigar da kalmar sirri, ke nan idan kalmar tana da rauni kullen bai amfana komai ba. Saboda haka ya sa na zaɓi sabuwa mai kalmomin Hausa biyar waɗanda ba su da alaƙa da juna ko da iyalina, ya kuma juya baya lokacin da nake buga ta.

A nan ne kuma babban ƙorafina yake. Idan aka kunna BitLocker, yana fitar da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda da shi ake buɗe faifan idan wani abu ya sami kwamfutar. Lambobin na bayyana a kan allo sai na ga injiniya ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hotonsu. Na tambaye shi dalili, ya ce yana yi wa masu kawo aiki haka ne saboda sukan ɓatar da nasu su dawo suna kuka. Na yarda ba da mugun nufi ya yi ba, amma na ce masa ni fa na zo ne don in rage yawan masu riƙe da mabuɗina, ba don in ƙara ba, kuma wayar da ke kan teburin shago yaron shago ma yana ɗaukarta. Ya goge hoton, amma na ce hakan bai wadatar ba, domin hoto yakan wuce zuwa ma'ajiyar intanet kafin a goge shi. Sai da na dage ya soke wancan mabuɗin ya fitar da sabo, ya fita waje, na kwafe shi da biro a takarda. Bai ji daɗi ba, na ga alamar haka a fuskarsa. Duk wanda zai kai aiki irin wannan, a wannan shago ko a wani, ya sa ido a daidai wannan gaɓar, kuma ya zauna a wurin har a gama. Barin kwamfuta a shago a ce za a dawo da yamma, a irin wannan matsala, an gudu ne ba a tsira ba.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ta fuskar zaman gida ita ce raba asusun shiga kwamfutar. Ya buɗe mini nawa mai cikakken iko, sannan ya buɗe wani mai taƙaitaccen iko ga yara da ɗan yayata, wanda ba ya iya canza tsarin kwamfutar ko shiga jakunkunana sai da kalmar sirrina. Amfanin wannan ya wuce na fasaha. Da na ɗauke kwamfutar na kulle ta a ɗaki, da magana ta kai ga yayata kafin magariba, kuma da an ce na wulaƙanta maraya, ko da yake ubansa yana raye. Da yaron ya same ni washegari ya ce, “Kawu, kwamfutar ta ƙi buɗewa,” sai na ce masa an sabunta ta ne, ga nasa asusun, ya zaɓi kalmar sirrin da yake so. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce to, ya gode. Ni da shi duk mun fahimci abin da ba a faɗa ba.

Takardun gado da lissafin adashe kuwa an yi musu ƙarin kulle da VeraCrypt, manhaja ta kyauta wadda ta samo asali daga TrueCrypt da aka daina ci gaba da ita a 2014. Tana ƙirƙirar wata jaka mai kama da akwatin ƙarfe a cikin kwamfuta, wadda ba ta buɗuwa sai da tata kalmar sirrin, ko da mutum ya tarar da asusuna a buɗe. Injiniya ya gargaɗe ni sau biyu cewa idan na manta wannan kalmar babu kamfanin da zan kira, babu kuma wanda zai buɗe mini. Manhajar ba ta da kyawun gani, kuma matakan buɗe akwatin sun yi wa mai shekaruna yawa, amma na saba. Faifan waje da aka kwafe takarduna a ciki shi ma an kulle shi, domin ba shi da amfani a kulle ƙofar gaba a bar taga a hangame.

Ya kuma sa wa matakin farko na tashin kwamfutar kalmar sirri don hana tayar da ita da filashi, ya ce ƙari ne kawai, ba abin dogaro ba.

Bayan kwamfuta sai asusun intanet, kuma a nan ma ya nuna ya san abin da yake yi. Ya nuna mini cewa duk kalmomin sirrin da na bari manhajar shiga intanet ta Chrome ta adana, wanda ya san kalmar shiga kwamfutar zai iya ganinsu a fili ɗaya bayan ɗaya, saboda haka sai mu ɗauka duk sun fita. Ya ce a fara da imel, domin ta imel ake sake saita kalmar sirrin sauran asusu, wanda ya riƙe shi ya riƙe saura. Muka canza kalmar Gmail, muka duba lambar waya da adireshin da aka ajiye don ceto asusun, muka tabbatar ba a saita tura saƙonnina zuwa wani adireshi ba, sannan muka fitar da duk na'urorin da ke ciki. Sai Facebook, sai manhajar banki. Ya ɗora mini Bitwarden don adana kalmomin, wadda ke da tsarin kyauta da ya ishi mutum ɗaya, ko da yake na fi wata guda ina jin ta kamar sabon takalmi.

Da muka zo kan tabbaci mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu, ya ce kada in dogara da lambar da ake turowa ta saƙon tes, ya kawo dalilai biyu. Ɗaya shi ne wayata tana nuna saƙo a kan allo ko tana kulle, ke nan wanda ke zaune a falo zai karanta lambar ba tare da ya buɗe ta ba. Na biyun duk ɗan Zamfara zai gane shi: a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, babu saƙon da ke shigowa wayar kowa. Manhajar tabbaci irin su Google Authenticator tana fitar da lambobi shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 a cikin wayar kanta, ba ta jiran saƙo daga kamfanin waya, don haka mutum zai iya shiga asusunsa daga duk inda ya sami intanet ko da layinsa ba ya aiki. Ya kuma sa na kwafe lambobin ajiya guda goma da Google ke bayarwa saboda ranar da waya ta ɓata.

Ɓangaren waya ne ya yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ta nan aka fi cutar da ni. La'asar ta yi, wasu masu jiran aiki sun taru, sai ya fara haɗa kayansa. Ni na tuna masa da batun WhatsApp. Cikin gaggawa ya cire baƙuwar na'urar, ya gaya mini ana iya haɗa na'urori har huɗu da lamba ɗaya don haka in riƙa duba jerin, ya kuma sa mini lambar sirri mai lambobi shida ta tabbacin mataki biyu. Batun sa wa layin waya lambar sirri bai taɓo shi ba sam, sai daga baya abokin aikina ya nuna mini. Wannan gibi ne babba, domin wanda ya zare sim ya sa a wata wayar zai karɓi saƙonnin banki, kuma kowa ya san ana tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Layin da aka sa wa lambar sirri yana kulle kansa idan aka yi kuskure sau uku, sai da lambar PUK mai lambobi takwas da ke jikin katin da aka sayo layin da shi. Wanda ya kira aikinsa tsare bayanai bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba.

Akwai shawararsa ɗaya da na ƙi. Ya ce zai iya dasa manhajar da za ta naɗe duk abin da yaron ke yi a asusunsa don in sami hujja, ya kuma ambaci cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar gaskiya ce, amma ban ga ranar da zan tsaya gaban hukuma da ɗan yayata ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma ban ga yadda zan yi ƙorafin ana leƙa mini asiri sannan in koma ina leƙa na wani ba. Bai matsa ba. Ya ɗan matsa dai a kan in sayi manhajar kashe cutar kwamfuta ta shekara guda, har sai da na tambaye shi ko Windows ba ta zuwa da Microsoft Defender a cikinta, ya yi murmushi ya bar zancen.

Kuɗin aiki naira 15,000 muka yi ciniki, kuma bai ƙara ko kwabo ba duk da cewa aikin da ya ce na awa biyu ne ya kai mu daga ƙarfe goma na safe har bayan la'asar, wani ɓangare saboda ɗaukewar wuta da jiran a tayar da janareto. Ban ga tsada a ciki ba. Abin da ban so ba shi ne babu rasit, babu kuma takardar da ta lissafa abin da aka yi, ga shi an canza abubuwa fiye da goma a yini ɗaya. Da ba don ina rubutawa a littafina ba, da rabi ya zube kafin in isa gida. Yaron shagon ma yana da ɗabi'ar tsayawa a bayan mutum yana kallon allo, sai da na roƙe shi ya matsa har sau biyu.

Ya dace in faɗi abin da babu shagon da zai iya gyarawa, kuma injiniya bai ɓoye mini shi ba: abin da aka riga aka kwafa ya tafi. Ana canza kalmar sirri, amma lambobi 11 na NIN da na BVN suna tare da mutum, ba a sauya su kamar riga. Abin da na iya yi shi ne na canza lambobin sirrin katunan banki, na gargaɗi uwargida kada ta karanta wa kowa lambar da aka turo mata ko da mai kiran ya faɗi BVN ɗinta daidai, sannan na tara 'yan'uwana na karanta musu lissafin gadon gaba ɗaya, don kada wani ya ci gaba da yawo da guntunsa yana sayar da shi a matsayin asiri.

Wata uku ke nan da yin aikin. Ban sake ganin baƙuwar na'ura a WhatsApp ba, kuma jerin takardun da aka buɗe yana nuna abin da ni na buɗe ne kawai. Raunin da ya rage nawa ne, domin nakan tashi in manta ban danna maɓallin Windows tare da harafin L ba, wanda ke kulle allo nan take, shi ya sa na saita ta ta kulle kanta bayan minti uku, abin da uwargida ke kuka da shi idan tana duba hotunan biki. Zan iya tura mutum wannan shago idan matsalarsa irin tawa ce, da sharaɗin ya zauna a wurin, ya buga kalmominsa da hannunsa, ya hana ɗaukar hoton mabuɗin ceto, ya kuma tilasta a ba waya lokacinta tun da safe kafin jama'a su taru.

A makon jiya kwamfutar ta yi wani sabuntawa na cikin na'ura, da ta tashi sai ta nuna shuɗin allo tana neman mabuɗin ceto, abin da injiniya ya ce yana iya faruwa idan aka taɓa tsarin tashinta. Na ɗauko takardar daga inda ni da uwargida kaɗai muka sani, na fara buga lambobin, rukuni takwas kowanne mai lambobi shida. Sau biyu tana ƙi, gumi ya fara keto mini duk da sanyin safiya, sai na lura cewa a rubutuna na gaggawa na ranar 1 da 7 sun yi kama da juna a rukuni na biyar. A karo na uku ta buɗe. Na zauna a take na sake kwafe lambobin a sabuwar takarda, na ja wa kowane 7 layi a tsakiya, na ƙona tsohuwar a murhu.